Daga Ambursa zuwa Abuja da Jidda: yadda za ka lissafa nisan tafiyar jirgi da awannin da za ta ci

Wata shekara, kafin yaƙin Sudan ya ɓarke, mun raka kawuna filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zai tafi aikin Hajji. Tun a sansanin alhazai yake damuna da tambayar awa nawa za su yi a sama, don bai taɓa hawa jirgi ba, ga shi gwiwarsa ba ta son dogon zama. Na ce masa awa biyar, ko da 'yar ɗoriya. Ƙarfe goma na dare jirginsu ya ɗaga. Can cikin dare, barci ya yi nisa, sai ga kira da baƙuwar lamba.

"Kai ɗana, awa biyat kac ce min. Ƙarhe goma munka tashi, ga agogon bango nan shina nuna biyat ta wuce. Bakwai ke nan, ko lissahi ya canza?"

"Kawu, ku dubi agogon hannunku."

Ya yi jim. "Ukku da 'yan mintoci."

"To shi ne na gida. Na bangon nan na Saudiyya ne, sun riga mu da awa biyu."

"Ashe har rana ma sun riga mu gani," in ji shi, ya miƙa wa mai wayar abarsa.

Tambayar "awa nawa ne daga nan zuwa can" ba ta da amsa guda. Akwai nisan da ke tsakanin filayen biyu, akwai lokacin da jirgi zai yi a sama, akwai abin da aka rubuta a tikiti, sannan akwai lokacin da za ka ɓata tun daga ƙofar gidanka har ka ajiye jaka a masauki. Mutane sun fi tambayar na farko, alhali na ƙarshen ne ke sa a rasa ɗaurin aure ko a makara a intabiyu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, da misalin filinmu na Birnin Kebbi.

Mataki na farko: san filin da kake magana a kai

Ba garin za ka auna ba, filin jirgin za ka auna. Namu ba a cikin Birnin Kebbi yake ba, yana Ambursa ne. Na Abuja, wato Nnamdi Azikiwe, yana da tazarar kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Kowane babban fili yana da laƙabi na haruffa uku da ake bugawa a tikiti da jikin takardar da ake manna wa jaka: ABV Abuja, KAN Kano, LOS Legas, SKO Sakkwato, JED Jidda, MED Madina. Ka riƙe waɗannan, domin shafukan lissafin nisa da su suke aiki, kuma garin da ke da fili fiye da ɗaya, kamar Landan, sai da laƙabin za ka san inda za a sauke ka.

Mataki na biyu: nemo nisan

Hanya mafi sauƙi tana cikin wayarka. Buɗe Google Maps, nemo filin Ambursa, danna yatsa a kansa ka riƙe har alama ta fito, sai ka zaɓi wurin auna nisa, ka ja taswirar zuwa filin Abuja. Lambar da za ta fito ita ce miƙaƙƙen nisa, irin na tsuntsu. Kada ka danna wurin neman hanya, don shi titin mota zai bi da kai, ta Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Tegina, Minna, Suleja, ya ba ka abin da ya haura kilomita 600. Jirgi ba ruwansa da kwanar Koko.

In kana son ka gane daga ina lambar ta fito, ga yadda ake yi da biro da kalkuleta, kuma ina ganin ya kamata kowane ɗalibin sakandare ya gwada ko sau ɗaya. An raba duniya da layuka na kwance da na tsaye, ana ƙirga su da digiri. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, ko'ina kake. Daga gabas zuwa yamma kuwa faɗin digirin yana tsukewa in kana nisa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa: a yankinmu kusan kilomita 109 ne, a Jidda ya koma wajen 103.

Filin Ambursa yana kusan digiri 12.5 arewa, 4.4 gabas. Na Abuja yana 9.0 arewa, 7.3 gabas. Bambancin kudu da arewa 3.5 ke nan, a ninka da 111, ya ba da 389. Bambancin gabas da yamma 2.9, a ninka da 109, ya ba da 316. Yanzu ka ninka kowace lamba da kanta: 389 sau 389 ya zama 151,321, 316 sau 316 ya zama 99,856. Haɗa su, 251,177. Danna alamar √ a kalkuleta, za ka ga 501. Ka ce kilomita 500, an wuce wurin.

Da wannan hanyar za ka samu kusan 670 zuwa Legas, wajen 455 zuwa Kano, ɗari da 'yan kai zuwa Sakkwato. Amma kada ka ɗauke ta ka kai ta Amurka ko Sin. Duniya ba faifai ba ce, dunƙulalliya ce, shi ya sa lissafin shimfiɗe yake kuskure in tafiya ta yi tsawo. Ka samo lemo da zare: ɗiga alama biyu a jikin lemon, ka ja zaren tsakaninsu ya miƙe tamau. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. In aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe, har mutum ya zaci matuƙi yawo yake yi. Dalilin ke nan da jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa yammacin Amurka yake bi ta can ƙuryar arewacin duniya, ta kan ƙanƙara. Don doguwar tafiya, ka shiga shafi irin Great Circle Mapper ka rubuta laƙabin filayen biyu. Daga Ambursa zuwa Jidda kusan kilomita 3,800 ne, zuwa Madina kusan 3,950.

A nan akwai tarko. Shafi ɗaya zai ce maka Birnin Kebbi zuwa Abuja 500, wani ya ce 311, wani 270, kuma duk ba wanda ya yi ƙarya. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne na ƙasa, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.609. Na uku mil ne na teku, kilomita 1.852, shi ne ma'aunin da matuƙa jirgi da na ruwa suke aiki da shi. Kafin ka kwafi lamba, ka dubi harafin da ke gefenta: km, mi ko nm.

Mataki na uku: mayar da nisan ya zama lokaci

Jirage masu injin jet, irin su Boeing 737, suna gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa idan sun kai can sama sun daidaita. Masu farfela, irin ATR 72, wajen 500 suke yi. To amma jirgi ba ya fara wannan gudun daga bakin ƙofa. Sai an tura shi baya, ya gangara zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya, ya hau sama a hankali, sannan a ɗaya gefen ya rage gudu, ya sauko, ya yi kwana ya daidaita da titi. Saboda haka ƙa'idar da nake amfani da ita ita ce: raba nisa da gudu, sannan ka ƙara minti 30.

Mu gwada da Abuja. 500 a raba da 800 ya ba da 0.625. Wannan ba minti 62 ba ne, a nan mutane da yawa suke zamewa. Ɓangaren awa ne, sai ka ninka da 60, ya zama minti 37 da rabi. Ƙara 30, ka samu awa ɗaya da 'yan mintoci. In mai farfela ne, awa ɗaya cif da ƙarin rabi, wato kusan awa ɗaya da rabi. Legas a jet: 670 a raba da 800, minti 50, da ƙarin 30, awa ɗaya da minti 20. Jidda: 3,800 a raba da 850, kusan awa huɗu da rabi, da ƙarin rabi, biyar. Amsar da na ba Kawu ke nan.

Ka lura da yadda minti 30 ɗin nan yake cinye gajeriyar tafiya. A hanyar Abuja kusan rabin lokacin ne, a ta Jidda kashi ɗaya cikin goma. Da za a ce a sa jet tsakanin Ambursa da Sakkwato, gudun kansa bai kai minti goma ba, sauran duk hawa da sauka ne. Mai mota da ya bi ta Argungu zai iya riga ka shiga gari in aka haɗa da zaman jira.

Mataki na huɗu: abubuwan da ke ɓata lissafin

Wannan matakin ne ya fi buƙatar natsuwa, domin lissafin da muka yi a sama na ranar da komai ya tafi daidai ne.

Jirgi ba ya bin zaren lemon sak. Sama ma tana da tituna, hanyoyi ne da aka shata, masu kula da zirga-zirgar jirage ne ke ɗora kowa a kan nasa. A tafiyar cikin gida wannan ƙarin kaɗan ne. Babban ƙari yana zuwa ne in wata ƙasa ta rufe samanta. Miƙaƙƙen layi daga Kebbi zuwa Jidda yana ratsa kudancin Nijar, ya shiga Chadi, ya keta Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar da aka saba yi a awa biyar ta ƙaru da awa ɗaya zuwa biyu. Nijar ma ta rufe nata na wani lokaci a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Don haka lokacin da jirgin farko na alhazan Najeriya na 2024 ya tashi daga Ambursa a watan Mayu, wanda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar, amsar da na ba Kawu a shekarun baya ba za ta yi wa waɗannan maniyyatan aiki ba. Nisan garuruwan bai canza ba, hanyar ce ta canza. Kafin ka faɗa wa tsoho awa kaza, ka tambayi wanda ya je bana, ko ka duba hanyar da jirgin jiya ya bi a manhajar Flightradar24.

Sai iska. Gudun 850 ɗin nan gudun jirgi ne a cikin iska, ita kuma iskar tana tafiya. Kamar mai kwalekwale ne a Yawuri: in ya bi ruwa ya yi sauri, in ya tunkare shi ya sha wuya, alhali ƙarfin tuƙinsa ɗaya ne. Can sama inda jirage ke bi akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a sassan Turai da Amurka, shi ya sa zuwa Landan daga New York yake fin komawa sauri da kusan awa guda. A samanmu na Sahel kuwa, da damina iskar can sama daga gabas take zuwa, tana tura mai dawowa daga Saudiyya, tana tare mai tafiya. Kada ka yi mamaki in zuwa da dawowa ba su zo daidai ba.

Sai hazo, wanda mu 'yan arewa maso yamma muka fi kowa saninsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙurar hunturu ta sauko, matuƙi ba ya ganin titi daga nisan da doka ta yarda ya sauka. Ya taɓa ci na. Wata Janairu ina da ganawa a Abuja ƙarfe biyu na rana, na yanki tikitin safiyar ranar, ina taƙama da cewa awa ɗaya ce. Na isa fili da wuri, aka auna jakata, na zauna. Ta gilashi ko bishiyoyin da ke bayan shinge ba a gani, sama ta yi fari fat kamar an watsa gari. Ma'aikatan kamfanin suna ta cewa "yanzu zai iso". Wani bawan Allah da ke kusa da ni, da ganinsa ya saba tafiya, ya buɗe wayarsa ya nuna min: jirgin da zai ɗauke mu ko tashi bai yi ba daga inda yake. Ya ɗauki jakarsa ya fita neman mota, ni na tsaya ina jiran sanarwa. Sai bayan azahar aka ce an soke. Ganawar ta wuce ba ni.

Abin da na koya ranar shi ne jirgin da za ka hau daga Ambursa galibi ba a nan ya kwana ba, daga wani gari zai zo ya sauke mutane ya kwashe ku. In bai baro can ba, lokacin da ke tikitinka ya riga ya mutu. Ka nemi lambar jirgin mai zuwa, ka bi sawunsa a waya. Da damina kuma hadarin yamma ne ke kawo jinkiri, jirgi ya yi ta kewaya a sama yana jiran ya wuce. Galibi dai, jirgin safe ya fi na yamma tabbas, domin jinkirin da aka tara tun safe a kan na yamma yake ƙarewa.

Mataki na biyar: karanta tikitin da kyau

Lokacin tashi da ke tikiti na agogon garin da za ka bari ne, lokacin sauka kuma na agogon garin da za ka je. A cikin Najeriya ba matsala, haka ma Nijar da Benin, duk agogonmu ɗaya. Saudiyya da Habasha suna gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku. Ingila kuwa tana canza agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watanni muna gabansu da awa guda.

Ga yadda za ka yi: mayar da lokacin sauka zuwa agogon gida, sannan ka debe. Tashi 22:00, sauka Jidda 05:00. Cire awa biyu, ya koma 03:00 agogon Najeriya. Daga goma na dare zuwa uku, awa biyar. A dawowa abin juyawa yake yi: ka bar Jidda 10:00, ka sauka 13:00, sai ka zaci awa uku ka yi, alhali biyar ɗin ce. Masu zuwa tarbar alhazai su riƙe wannan, kada a kwashi mata da yara a kai su fili tun da sauran awa biyu, ko a bar tsohuwa tana jira da jarkar zamzam.

Abu biyu kuma. In ka ga +1 a gefen lokacin sauka, washegari ake nufi. In kuma tikiti ya ce 00:30 ranar Talata, to ranar Litinin da dare za ka je fili, domin Talatar ta shiga tun sha biyun dare. Wanda ya bari sai ranar Talata da dare, jirginsa ya yi kwana guda da tafiya.

Wannan bambancin agogo yana taɓa salla ma. Mai tafiya gabas rana tana saurin faɗuwa a kansa: ka tashi da hantsi ƙarfe goma, ka yi awa biyar, ka sauka ƙarfe biyar na yamma agogon can, azahar ta wuce a sama, la'asar ta yi nisa. Ka yi lissafin tun a gida, ka tambayi malaminka yadda za ka yi, ka shiga jirgi da alwala.

Mataki na shida: daga ƙofa zuwa ƙofa

Yanzu ɗauki takarda ka fara daga baya. A ce jirgin Abuja ƙarfe 10:00 ne. Kana son ka kasance a fili awa ɗaya da rabi kafin nan, wato 8:30, domin ana rufe awon kaya tun kafin lokacin tashi, kuma ba a jiran kowa. In a cikin Birnin Kebbi kake, ka bar gida 8:00. Jirgi ya sauka 11:05. Kafin a buɗe ƙofa, a kai ku ciki, jaka ta fito, 11:35 ta yi. Daga filin Abuja zuwa sakatariyar tarayya, ta Lugbe, ka ware minti 45 zuwa awa ɗaya. Ka isa 12:30. Tafiyar "awa ɗaya" ta zama awa huɗu da rabi, kuma wannan in ba a yi jinkirin ko minti ɗaya ba. Duk da haka ta fi yini guda a mota, balle a halin da wasu hanyoyin suke ciki.

Mutumin Argungu lissafinsa kusan ɗaya ne da wannan. Amma na Yawuri ko Zuru sai ya zauna ya yi tunani, don zai yi awanni yana tafiya arewa, yana ƙara nisa da Abuja, kafin ya hau jirgin da zai dawo da shi ta saman garinsu. Wani lokaci hakan ne ya fi, saboda tsaro ko rashin lafiya, amma ba don saurin isa ba. Haka mutumin Gusau da zai je Sakkwato ya hau jirgi: awannin hanyar Talata Mafara suna cikin kuɗin tafiyarsa, ko da tikiti bai ambace su ba.

In tafiyar ta ƙasar waje ce ta Abuja, Kano ko Legas, ka ƙara awa uku na zaman fili kafin jirgin waje. Ka kuma duba ko tikitin biyu a haɗe suke. In daban-daban ka saya, jirgin gida ya makara, kamfanin waje ba ruwansa, kujerarka ta tafi. Ni dai tun daga waccan Janairun ba na haɗa jirgin Ambursa da na waje a rana ɗaya. Da hunturu kuwa ko ganawar cikin Abuja ce, ranar jajibiri nake tafiya, in kwana wurin ƙanena a Kubwa, da safe in shiga gari da ƙafata.